Ba Kunyar 'Yar Fari Ba Ce

Tun ranar da Marka ta haifi 'yarta ta fari, Nusaiba, a wani ƙauye kusa da Maradun, ba ta ƙara zama daidai ba. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta. In jaririyar ta yi kuka, sai ta juya fuska bango.

Surukarta kuwa daɗi ya kashe ta. Duk wadda ta shigo barka sai ta ce mata, "Kun ga ɗiyar gidan mutunci! Ko kallon ɗiyar hwari ba ta yi. Kunya ta."

Marka ta san ba kunya ba ce. Tsoro ne. Tsoron kanta take ji, don wani lokaci zuciyarta kan raya mata ta saki yarinyar ƙasa.

Rannan ta yi ta maza ta ce wa mijinta Sambo, "Malam, kaina ba daidai ba. Ka kai ni asibiti."

Ya yi dariya. "Asibiti don kunya? Haba, Marka! Ya wuce."

Bai wuce ba. Shekara shida ana yabon Marka, Nusaiba kuwa ta tashi ta gane cewa kukanta ne ke sa uwarta ihu da toshe kunne. Sai ta koyi haɗiye kuka. Ko faɗuwa ta yi, ba a jin ko tarinta.

Wata ranar kasuwa, gida ba kowa sai su biyu, Nusaiba ta je bayan rumbu ɗebo wa akuya harawa, maciji ya sare ta a ƙafa. Ta leƙo, ta ga uwarta zaune ta yi tagumi. Ta lallaɓa ɗaki ta ja zane ta rufa.

Sai da la'asar Marka ta ɗaga zanen, ta ga ƙafa ta kumbura har cinya.

"Mi as same ki? Don mi ba ki kira ni ba?"

Da ƙyar yarinyar ta buɗe baki. "Inna, ban son ki ji tsoro."

Da Sambo ya dawo daga kasuwa, ya ɗauke su a babur zuwa asibitin Talata Mafara. Kafin su kai, rai ya yi halinsa, Marka na rungume da Nusaiba a karo na farko.

Jama'a, ciwon damuwa bayan haihuwa ciwo ne, kuma yana da magani. In uwa ta ce kanta ba daidai ba, a kai ta asibiti, kada a yabe ta.