Alƙali Ya Tsallaka Waya

Shekara da shekaru Orval Tjaden yana kiwon wani namijin barewa da bai san ana kiwonsa ba. Ya raɗa masa suna Alƙali. Ya shuka masa ciyawa mai daɗi a ƙarshen gonarsa ta kudancin jihar Iowa, ya ɗaure kyamarori a bishiyoyi, ya kafa alluna a kan wayar shingen gonar: ba shiga.

Dokar ba ta bar kowa ba. Ƙaninsa ya roƙa, ya hana. Fasto ya roƙa, ya hana. Matarsa Marlys ta ce ko sau ɗaya ya bar ta ta hau dandamalin farauta da ya kafa a bishiya, ya yi dariya har da tari.

"Haba Marlys, tsohon barewa ba wasa ba ne. Hancinsa ya fi na kare aiki."

Ta dai canza sabulun gidan zuwa marar ƙamshi, ta ajiye turare, shi kuwa ya ji daɗi an fara girmama sana'arsa. Kullum a teburin cin abinci sai ya baje mata hotuna: ga inda Alƙali ke kwanciya, ga kwarin da yake bi in iska ta juyo daga arewa. Ita kuma tana tambaya, yana ƙara buɗe ciki. Da likita ya ce ta riƙa tattaki da safe, har takalman dusar ƙanƙara ya saya mata.

Bayan wayar kuwa dajin gwamnati ne, na kowa da kowa. Orval ya raina shi ƙwarai. Kasuwa yake ce masa, wai 'yan birni sun cika shi da tari da ƙarar leda. Abin da bai lissafa ba shi ne, shi kansa da ke zagaya kyamarorinsa safe da yamma ya fi 'yan birni goma wari a hancin Alƙali.

Bana ƙahonin Alƙali suka cika, rassa ko'ina. Ranar buɗe farauta Orval ya hau bishiya, zuciyarsa fal da murna. Hantsi ya yi, ko zomo bai gifta ba.

Sai ƙarar bindiga, ɗaya tak, daga hayin waya.

Ya sauko, ya tsallaka cikin dajin da ya rantse ba zai taɓa takawa ba. Ga Alƙali kwance a kwari. Ga wani cikin rigar maharba ruwan lemo, durƙushe, ya ba shi baya, yana farke cikin da gwaninta. Orval ya ji kamar ya yi kuka. Ya haɗiye, ya yi abin da al'ada ta ce.

"Barka, malam. Ka iya harbi."

Maharbin bai waiwayo ba. Sai muryar Marlys:

"Daina tsayuwa haka, Orval, kama ƙafar nan. Ka dai kashe murhu kafin ka fito, ko?"