Kan Injin Baba

Ƙarfen kan injin ya huje, har cikin hanyar ruwan da ke sanyaya inji. Makaniken ya tsaya yana kallon hujin.

Sati uku yana faɗaɗa hanyoyin iskar kan injin motar marigayi babansa. Ƙaninsa ya ce a sayi sabo kawai, shi kuwa ya ƙi, ya ce, "Baba kam, na asali yake gyarawa, bai san sabo ba."

Ya wanke hannu, ya je wurin mahaifiyarsa ya ce, "Inna, na lalata abin Baba."

Ta ja shi ɗakin ajiya, ta yaye wani buhu. Ga wani kan inji, da huji a daidai wurin.

"Ga na asalin, shi ma Babanku ya huda shi," ta ce. "Wanda ka huda, ni na sayo masa. Ya ce kada ku sani."