Kabarin Kaka a Bakin Teku

Ina da shekara tara mahaifina ya ɗauke ni a kwalekwale bayan la'asar, lokacin da teku ya janye. Mu baƙi ne a wannan gaɓa ta kudu, sana'armu bandar kifi. Itacen da muke ƙonawa kuwa na kurmin nan ne da saiwoyinsa ke riƙe da ƙasar da muke zaune a kanta.

Muka tsaya a wani tudu da ruwa ya cinye rabinsa, inda kabarin mahaifiyarsa yake, wadda na ci sunanta. Ya kafa turke don alama, laka ta haɗiye shi. Ya sake kafa wani.

"Baba, me ya sa ba za a daina saran itacen ba?"

"To mu ci me, Uwata?" Ya goge hannunsa a riga. "Ki riƙe wurin nan da idonki. Hannuna ya kasa."

Jiya a garin Laurel, inda nake zaune yanzu, jikata ta buɗe mini taswira a wayarta, na ɗora yatsa a wurin ba kuskure. Ruwa ne zalla. Na riƙe, Baba, amma babu abin da zan nuna mata.