Sauran NATU

Sati uku da biki, Zayyad bai yarda ya cire riga gaban amaryarsa Jannatu ba, duk zafin Azare. Ashe tun yana makaranta ya sa aka zana masa sunan wata budurwarsa, JOAN, a ƙirji da allura da tawada. Ya je Kano a goge da na'urar leza mai ƙona zanen fata. Tawada ta tafi, amma fatar ta yi fari fat, suna ya ƙara fitowa ɓaro-ɓaro. O ɗin kaɗai ya yi bororo ya saluɓe, ya bar giɓi.

Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, Jannatu ta yaye rigar za ta shafa masa ruwa. Gogan naku ya runtse ido, yana jiran ta nemi takardar saki.

Ta daɗe tana kallon giɓin nan, sannan ta yi murmushi.

"J... AN. Ayya maigida, ashe sunana ka fara? To gobe sai ka koma a ƙarasa NATU."