Rigar Tseren Hamada

Shekara bakwai Rabe ya yi ba ya gida, garin kuma bai jira shi ba. An tare ruwa a Zobe, har ana soya kifi a tashar Dutsin-Ma. Katsina ta zama jiha. Bilya mai shayi ya ajiye gemu, ya ƙara benci. A gidansu na Kurfi kuwa, rumfar da tsohuwar Landirobar babansa ke kwana ta koma wurin ɗaure tumaki, shi kansa Malam Jibo direba ba ya nan.

"Ya yi tafiya," in ji mahaifiyarsa Azumi, ta turo masa ƙwaryar fura.

Rabe bai ji daɗin haka ba, don saboda mutum ɗaya ya dawo. A kan makulli suka rabu. Ya roƙi uban ya ba shi tuƙi ko daga Kurfi zuwa Rawayau ne, uban ya ce sai ranar da ya iya ɗaure taya. Rabe ya bar takarda a ƙarƙashin buta, cewa ya tafi Agadas wajen Turawan da rediyo ke faɗin suna tseren mota a hamada, kuma ba zai dawo ba sai ya zama direba. Da ya isa tasha, ya tarar motar Ikko ce ta kusa cika. Ya shiga.

A Ikko ya wanke mota shekara bakwai. Ya iya matsar da ita gaba kaɗan, ya iya mayar da ita baya kaɗan. Ana gobe zai taso ya tsinci rigar a tulin gwanjo: fara, mai gajeren hannu, a ƙirjinta Landiroba ta yi tsalle a kan tudun yashi, da lamba a ƙofarta da rubutun Faransanci a ƙasa. So yake uban ya ga rigar nan, ya miƙo masa makulli.

Kafin uban ya dawo, sai ya fara gwaji a kan benci. Kowace safiya yana wajen Bilya, ƙirji a turo, yana keta hamada. Ya haɗiyi yashi, ya sha ruwan lagireto, ya wuce Bafaranshe a kwana har ya ɗaga masa hannu. Jama'a suna saurare da natsuwa irin ta masu jin wa'azi.

"Daga Agadas zuwa Bilma, awa nawa kake yi?" in ji Julius makanike, wanda ya tsufa a ƙarƙashin motar Malam Jibo.

"Awa huɗu, Oga Julius."

"Sannu da ƙoƙari," in ji Julius. "Wasu kwana biyu suke yi."

Bilya ya tambayi ko iska nawa ake bari a taya in za a shiga yashi. Rabe ya ce ai cika ta ake yi tam. Bilya ya dubi Julius, Julius ya dubi kofinsa, aka ƙara wa Rabe madara kyauta.

Abu ɗaya ya ɗan ba shi mamaki. Mutanen Kurfi sun san hamada. Tsoffin da ba su taɓa wuce Jibiya ba suna kiran Dirku da Arlit kamar unguwannin Dutsin-Ma, har sun san watan da Turawan ke wucewa. Rabe ya ce aikin rediyo ne.

Kwana tara babu Malam Jibo. Labarai suka fara ƙarewa, Bafaranshen nan an wuce shi sau uku. Ranar ta goma Alhaji Yero mai sayen gyaɗa ya tsaya a gaban benci. Direbansa na kwance, ga buhu arba'in a Rawayau, hanyar kuma duk rairayi ce.

"Ga ɗan hamada Allah ya kawo mana," in ji Alhaji. "Gobe da hantsi ka zo ka karɓi makulli, ɗan Malam."

Rabe ya ce to, da izinin Allah. Da la'asar ya tuna cewa lokacin tsere ya matso, Turawa na jiran sa, dole gobe da sassafe ya kama hanyar Agadas. A ransa yana lissafin ko wace rana motar Ikko ke tashi.

Azumi ba ta hana shi ba. Ta daka masa dakuwa, ta wanke rigar ta shanya. Da gari ya waye yana cusa kaya a jaka, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ta buɗe a gabansa. Riguna ne a ninke, farare, ba a taɓa sa ko ɗaya ba. Guda shida. Kowace da motarta tana tsalle a kan yashi, kowace da shekararta, kowace an maƙale mata 'yar takarda da allura. Rabe ya ɗauki ta sama. Layi ɗaya ne, da rubutun da ya sani: "Bana ma ba ya cikinsu."

"Tunda can za ka koma," in ji Azumi, tana ɗaure bakin dakuwar, "ka gaya wa babanku ya dawo gida haka nan. Tun ranar da ya ɗaga butar nan yake bin Turawa da Landirobarsa yana neman ka."