Shaidar Gwaggo Kaltumi

"Muddin ina numfashi, Abakar, sunan kakanka ba zai hau ƙofar nan ba!" in ji Alhaji Mahfuzu, yana dukan tebur.

An kammala gyaran fuwayen unguwa, zauren da ake taron biki da karatun manya a cikinsa. Abin da ya rage shi ne a rubuta sunan wanda ya ba da filin. Mahfuzu ya ce kakansa ne, falken da ya zo nan garin Garuwa daga Kano. Abakar ya rantse cewa nasa kakan ne.

"Jikan mai tallar goro ne zai koya mana tarihi?" in ji Abakar.

Mahfuzu ya haɗiye zagin, domin ya zo da shaidar da ba a musa mata: Gwaggo Kaltumi, ƙanwar mahaifinsa, wadda aka yi abin a kan idonta.

"Gwaggo, faɗa musu wanda ya ba da filin nan."

"Babu wanda ya bayar, ɗana. Shekara biyu kafin Faransawa su tafi, Baba da kakan Abakar suka yi ta rikici a kansa, har suka fasa wa juna kai. Alƙali ya gaji da su, ya ƙwace, ya ba unguwa."

Tsohuwa ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Na ji ku ma kuna jayayya a kan filin bakin kasuwa. Ku dage, 'ya'yana. Har yau unguwar nan ba ta da asibiti."