Robar da ke Bayan Kunnena

Ina shekara takwas ƙwayoyin cuta suka kama robar da aka sa mini don janye ruwan da ke taruwa a kaina. Da la'asar, a wani asibiti a Kafanchan, likita ya danna bayan kunnena inda ya yi ja, zazzaɓi na ta jijjiga ni.

Ya ce, "Mama, allura kaɗai ba za ta isa ba. Sai an cire robar, a Jos."

Mama ta damƙe ƙafata. "Likita, in kun cire, ruwan zai tafi ina?"

Bai amsa nan take ba. Shirun nan ya fi ciwon firgita ni.

A Jos aka cire robar, na sha allurai, aka sa sabuwa, na warke. Amma har yau, in likita ya jinkirta amsa, sai in ji tsoron nan ya dawo.